Bukka a Ragar Yamma

Ni ne surbeyan na kolej ɗinmu a Arlit a waɗancan shekaru, wato mai kula da ɗa'ar ɗalibai. Karatuna bai yi nisa ba, amma na san abin da ya kamata ya zo gaba da abin da ya kamata ya biyo baya, kuma haka zan ba da wannan labari.

Da farko farashin ƙarfen iraniyom ya faɗi, kamfanin haƙa ya shiga sallamar mutane. Bayan haka damina ta ƙi zuwa, dabbobi suka mutu a daji, makiyaya suka gangaro gari. Sannan tawaye ya tashi a cikin duwatsu, hanyar Agadas ta zama ba a bin ta sai da rakiyar soja, kuma ayarin motocin ba shi da ranar tashi tsayayya. Duk wanda ya zauna garin a lokacin ya san wannan. Abin da ba kowa ke tunawa ba shi ne yadda kolej ɗinmu ya kusa zama zakaran ƙwallon ƙafa na jiha.

Muna da mai horar da yara, ana ce masa Mushen ƙwallo, don a wurinmu Mushe ake ce wa malamin makaranta, ko da yake shi bai taɓa riƙe alli ba. Mutumin Maraɗi ne, direban babbar mota a ramin haƙa. Lokacin da kamfani yake da ƙarfi, don sha'awa yake zuwa da yamma ya koya wa yaranmu wasa. Da aka sallame shi sai kwamitin iyaye ya riƙe shi, aka ba shi ɗaki ɗaya a bayan ajujuwa da buhun hatsi duk wata. Babu albashi. A ɗakin nan yake da matarsa da ƴaƴansa. Idan aka cire shi daga ƙwallo an cire shi daga ɗaki ke nan, kuma ko yana da abin komawa Maraɗi, babu hanya.

A shekarar ba a soke gasar makarantu ba, don babu wanda ya tuna ya soke ta. Makarantun sauran garuruwa an ce su zo filinmu, ba sa iya zuwa. Alƙalin wasanmu ma'aikacin gidan waya ne, mutumin Tawa, mutum mai bin ƙa'ida, ina ganin girmansa har gobe. Shi ya ce ba zai ba kowa nasara a kan kujera ba, sai an bi tsari. Tsarin kuwa ga shi: yaranmu su sa rigunan wasa, su shiga fili bayan la'asar, su jeru. Alƙali ya jefa dala sama don zaɓen ɓangare, in baƙi suka ci, shi ne zai zaɓa musu tunda ba sa nan. Sannan a tsaya a jira su, yana duban agogo. In lokacin jira ya cika ya busa, yaro ɗaya ya ja ƙwallo har ragar baƙi ya zura, ya sake busawa. Mun ci.

Gari kuwa yana zuwa kallo. Mutanen da aka sallama ba su da wurin zuwa. Makaɗa suna zuwa, masu ƙosai da masu ruwan sanyi suna zuwa. Mushen ƙwallo yana kai da komo a bakin fili, yana ihu: "Ku buɗe! Ku buɗe ta dama!" Na ga ranar da ya fitar da wani yaro ya sa wani, ya ce na farkon tsayuwarsa babu kuzari. Ni ban ga laifin wannan ba. Tsayuwa ma tana da yadda ake yin ta.

Haka muka yi ta ci har muka kai wasan ƙarshe. Babu wanda ya taɓa zura mana ƙwallo.

Ana saura ƴan makonni wasan ƙarshe, wata tsohuwa Ba'abziniya ta iso daga wajen Dannet da mijinta da akuya ɗaya, abin da fari ya bar musu ke nan. Suna da tabarmin bukka a ɗaure, amma itatuwan bukkar sun ƙona su a hanya wajen dafa abinci. Rana ta take, suka zauna a bakin filinmu. Mushen ƙwallo ya gan su, ya ce su jefa tabarma ɗaya bisa ragar yamma su sha inuwa kafin rana ta yi sanyi. Ragar ƙarfe ce mai kauri, bututun da aka samo daga jujin kamfani. Tsohuwa ta dube ta, ta girgiza ta, ta ga ba ta motsi. Kafin magariba ta ɗaure tabarminta duka, ta zuba yashi mai laushi a ciki, ta kafa gado, ta ɗaure akuya a ƙarfen hagu.

Washegari na gani, na gaya wa Direkta. Direkta ya ce in gaya wa Mushen ƙwallo. Na gaya masa.

Ya ce, "Surbeyan, gobe za su tashi."

Na ce, "Su suka ce?"

Ya ce, "Ba su ce ba, amma ai makiyaya ne. Tashi sana'arsu ce."

Ba su tashi ba. Yara suka koma atisaye a raga ɗaya.

Ranar wasan ƙarshe baƙi ba su zo ba, kamar kullum. Shugaban kwamitin iyaye, wani Alhaji ɗan kasuwa mutumin Katsina, ya riga ya yanka rago, ya ɗauko makaɗa na musamman, an ajiye kofin gasar a kan tebur an lulluɓe shi da ƙyalle. Alƙali ya zagaya fili, ya tsaya gaban bukka ya daɗe yana kallo. Ya taɓa ƙarafan uku ɗaya bayan ɗaya. Ya ce raga tana nan, abin da ke cikinta kuwa mai tsaron ragar ne ya kamata ya yi ƙorafi. Daga nan ya jefa dala. Baƙi suka ci.

Mushen ƙwallo ya matso kusa da shi, ya ce a hankali, "Malam, don Allah zaɓa musu gabas."

Alƙali ya taka zuwa inda baƙi ya kamata su tsaya, ya dubi rana, ya ɗebi ƙasa ya watsa don ya ga iska. Ya dawo ya ce, "Baƙi sun zaɓi yamma. Wane mahaukaci za shi yarda rana ta shiga idon golanshi? Amana aka ba ni."

Aka jira, lokaci ya cika, ya busa. Kyaftin ɗinmu, yaro ne mai natsuwa, ya ja ƙwallo, makaɗa suna bin sa da kiɗa, har ya kai bakin bukka. Tsohuwa tana zaune a ƙofa tana saƙar igiya. Yaro ya tsaya. Ya taka ƙwallo. Ya yi sallama.

Ta amsa.

Ya ce, "Inna, ina so in sa wannan a ciki."

Ta ce da irin Hausarta, "Wannan abin, ƙafa nawa ya taka shi?"

Ya ce, "Da yawa, Inna."

Ta ce, "Ba ya shiga. Gadona yana ciki."

Filin duka ya ɗauki ihu: "Buga! Buga mana!" Alhaji ya cire hula yana kaɗawa. Yaro ya waiwayo, ba Mushen ƙwallo ya duba ba, ni ya duba. Ni kuwa ban ɗaga masa kai ba, ban kuma girgiza ba. Shekaru ina koya musu cewa ba a shiga ɗakin mace sai da izini, ba zan warware wannan a gaban gari saboda kofi ba. Yaro ya tuɓe takalmansa, ya durƙusa, ya ci gaba da roƙo. Tsohuwa ta miƙa masa ruwa a ƙwarya. Akuya ta zo tana shinshinar ƙwallo.

Mushen ƙwallo ya ruga wurin alƙali. "To a je hutun rabin lokaci mu juya, mu ci a gabas!"

Alƙali ya ce, "Wasan da ba a yi ba, ina ka ga rabinshi?"

Ya ƙara duban agogo, ya busa. Ya ce masu gida sun kasa zura ƙwallo, kuma abin da ya hana su a filinsu yake, saboda haka laifin nasu ne. Baƙi sun ci. Ya ɗauki kofi da ƙyallensa ya tafi da shi gidan waya, ya ajiye sai ranar da ayari ya tashi. Ragon Alhaji dai an ci shi, amma babu mai magana da wani.

Kwana biyu gari ba shi da zance sai wannan. A kasuwa, a tasha, a wurin masu shayi. Ɗalibanmu ba sa iya wucewa ta gaban ƴan garaji sai an yi musu sallama da ƙarfi an ce, "Inna, a shigo?" Saboda haka kwamiti ya kira taro, magana ɗaya ce a gaba: Mushen ƙwallo ya zauna ko ya tafi.

A aji muka yi taron, manyan mutane a matse cikin bencin yara. Alhaji ya fara.

Ya ce, "Jama'a, ni na ga an ci mutum da ɗaya, na ga an ci shi da goma. Ban taɓa ganin wanda iska ta ci ba. Ina da abokan ciniki a Agadas, da wane ido zan dube su? A ce makarantar da ba ta ko sa takalmi ba ta ɗauke mana kofi?"

Wani uba, cikin waɗanda kamfani ya sallama, ya ce, "Alhaji, a yi adalci. Mutumin nan tun da ya kama aiki babu ɗan Adam ɗin da ya taɓa cin sa."

Alhaji ya ce, "Wane ɗan Adam ya gani?"

Direkta ya ce shi abin da ya dame shi kayan makaranta ne da aka bayar ba da saninsa ba. Uban nan ya ce ai ba a bayar ba, ragar tana inda take, ko taku ɗaya ba ta yi ba. Wani ya ce a kori alƙalin wasa. Aka tuna masa ba mu muka ɗauke shi ba. Wani ya ce a kori kyaftin. Na miƙe na ce wanda ya taɓa yaron nan ya taɓa ni.

Aka ba Mushen ƙwallo dama. Ya tsaya yana murza hularsa, ya ce, "Ni inuwa na ba ta aro, ban ba ta gida ba. Kuma wallahi da dalar nan ta faɗi ta ɗaya gefen, da yanzu kuna ɗauke da ni a kafaɗa, bukka tana nan inda take."

Wannan gaskiya ce, shi ya sa ta ƙara ɓata wa Alhaji rai.

Da na ga magana tana yawo, na nemi izini na jera ta. Na ce na farko, ba a korar mutum don ya sha kashi a wasan da ba a buga ba. Na biyu, ana iya korarsa don ya lalata fili. Na uku, filin da aka lalata ana iya gyara shi, saboda haka a ba shi lokaci, in ya gyara ya zauna, in ya kasa ya kwashe kayansa. Aka amince. Alhaji ya ce zuwa Juma'a ta sama, yana son ya ga fili da raga biyu, babu bukka a ciki.

Muka tafi wurin mijin tsohuwa, ni da Mushen ƙwallo da Direkta, domin magana irin wannan da maigida ake yi. Dattijo ne dogo, rawaninsa ya rufe masa baki. Ya shimfiɗa mana tabarma a waje, ya ɗora shayi. Muka sha na farko, Direkta ya yi bayani. Dattijo ya ce gaskiya ne. Muka sha na biyu, na yi bayanin ƙa'ida. Ya ce wannan ma gaskiya ne. A na uku Mushen ƙwallo ya faɗi maganar ɗakinsa da ƴaƴansa, dattijo ya ce Allah ya kiyaye, bai kamata a kori mutumin kirki ba. Muka tashi da murna.

Kwanaki suka wuce, bukka ba ta motsa ba. Muka koma, aka sake shayi, aka sake amincewa da komai. A zuwa na uku na ƙi karɓar kofin shayi, na ce, "Baba, ka ce gaskiya ne, ka ce gaskiya ne. To yaushe za ka tashe ta?"

Ya dube ni da mamaki. Ya ce, "Ni? Bukka tata ce. A wurinmu mace ke da bukka, da ita ta zo ranar aure. Ni ma baƙo ne a ciki. In na matsa mata, ni zan kwana a fili, ba ita ba."

Direkta ya ce, "To me ya sa ba ka faɗa ba tun farko?"

Ya ce, "Ba ku tambaya ba. Na ɗauka shayi kuka zo sha."

Mun zauna da Abzinawa shekara da shekaru a gari ɗaya, muna saye muna sayarwa, amma mu uku babu wanda ya san wannan. Sai aka tura matar Mushen ƙwallo wurin tsohuwa, ta tafi da ƙwaryar fura. Ta daɗe a ciki. Ta fito da labari cewa tsohuwa ta ji tausayinta ƙwarai, ta ce in an kore su daga ɗaki su zo, akwai wuri a bukka. Tashi kuwa sai ruwa ya sauka a Dannet.

Ranar Laraba Mushen ƙwallo ya same ni bayan an tashi. Ya rame.

Ya ce, "Surbeyan, na yi tunani. Tunda bukka ba ta fita daga fili, fili zai fita daga bukka."

Na ce ya yi bayani dalla-dalla.

Ya ce zai juya filin ya koma kudu da arewa, ya ja sabbin layuka da toka, ya tone ragar gabas ya kai ta kudu. Abin da ya rage raga ta biyu. Jujin kamfani yanzu soja ke gadinsa, ko ƙusa ba a fitarwa. Ya zagaya gari bai samu bututu ba. Yana magana yana kallon bayana.

A bayana ƙararrawar makaranta take. Jantin babbar mota ne, wato ƙarfen da ake sa wa taya, a rataye jikin bututu uku, biyu a tsaye ɗaya a gicciye. Ni nake buga ta, da guntun ƙarfe, safe da rana da yamma, kuma babu hannun da ke taɓa ta sai nawa.

Na ce, "Kana so in yi laifin da ake tuhumarka da shi."

Ya ce, "Ina so ƴaƴana su kwana a ɗaki."

Na ce ya jira. Na tafi wurin Direkta, don shi ne gaba da ni. Direkta ya saurare ni, ya ce kunnensa yana ciwo tun safe, bai ji abin da na ce ba, kuma ba ya so in maimaita. Na dawo na zagaya ƙararrawar, na yi tunani. Bayar da kayan makaranta laifi ne. Matsar da kayan makaranta daga wani wuri na makaranta zuwa wani wuri na makaranta ba laifi ba ne, muddin kayan suna aikinsu. Na ce masa ya tone bututun ya kai arewa, da sharaɗi ɗaya: janti yana nan a rataye, kuma ƙararrawa ce kafin ta zama raga.

Ya kama hannuna da hannu biyu. Na ce ya sake ni ya nemo diga.

Ranar Alhamis aka kira alƙalin wasa ya duba. Ya auna da igiya, ya ce ragar arewa ta fi ta kudu ƙanƙanta, ba zai karɓa ba, dole su zama daidai. Ba mu da abin ƙara wa ƙaramar. Mushen ƙwallo ya aro zarto daga garaji ya rage babbar. Alƙali ya sake aunawa, ya ce yanzu babu wanda aka zalunta.

Bayan sallar Juma'a kwamiti ya zo. Alhaji ya taka filin daga kudu zuwa arewa da babbar rigarsa. Ya dubi bukka, tana can gefe, bayan layin toka, tsohuwa a ƙofa tana kallonsa. Ya dubi ragar arewa da janti yana lilo a tsakiya.

Ya ce, "Wannan kuma mene ne?"

Na ce, "Ƙararrawa ce, Alhaji."

Ya ce, "Ina ragar?"

Na ce, "Ita ce."

Ya ce, "Surbeyan, da ina ganin kai kaɗai ne mai hankali a makarantar nan."

Na ce, "Ka ce raga biyu, ga su. Ka ce babu bukka a ciki, babu."

Uban nan da kamfani ya sallama ya ce a ɗaga hannu. Aka ɗaga. Alhaji bai ɗaga ba, amma bai hana ba, ya ce dai a rubuta cewa shi bai yafe kofin ba. Mushen ƙwallo ya zauna a ɗakinsa, buhunsa ya ci gaba da zuwa.

Ni kuwa aikina ya ƙaru. Kullum sai na taka har ƙarshen fili in buga ƙararrawa in dawo, ina isowa ɗalibai sun riga sun shige, ba na kama masu latti kamar da. In ƴan atisaye suka buga ƙwallo ta daki janti, sai ajin da ke kusa ya watse da gudu, suna cewa an tashi. Na hukunta su, na sake hukunta su, daga baya na sa doka cewa bugu ɗaya na ƙwallo ne, nawa uku ne a jere.

Da hanya ta ɗan samu, wata makaranta ta zo da gaske, da motarta da yaranta. Alƙali ya sa na kwance janti kafin wasa, na riƙe shi a bakin fili, na mayar bayan an tashi. Sun ci mu sosai, duk da ƙanƙantar ragar. Babu wanda ya kira taro. Mushen ƙwallo ya raka baƙin har mota, ya roƙe su su dawo.